Kafin Ki Cika Akwati: Amsa Ga Ƙanwata Mai Shirin Zuwa Birmingham

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da jin biza ta fito. Allah Ya sa alheri ne ya kira ki, Ya ba ki abin da za ki zo nema. Ki gaishe min da Umma, ki ce mata ta kwantar da hankalinta, ba daji za ki shiga ba.

Kin ce kanki ya ɗaure tsakanin shawara biyu. Umma ta dage sai an je Ƙofar Wambai an zaɓo miki jaket uku na gwanjo, da bargo mai nauyi, da tukwane, don kada sanyin Turai ya same ki ba shiri. Ƙawarki ta Coventry kuma ta ce kada ki wahalar da kanki da ɗaukar komai, kantin tufafi na Primark na nan, arha ta fitar hankali. Kuɗin da kika ware wa sutura da kayan ɗaki fam 300 ne, kina tambaya ko za su isa.

Za su isa, in kin kashe su sannu a hankali kuma a inda ya dace. Abu uku ne kawai suka cancanci ki saki hannu a kansu: rigar sanyi ta kirki guda ɗaya, takalmin da ruwa ba ya ratsawa, da abin rufa. Duk sauran, na arha ya wadatar. Abin da yake damuna da yawancin ƙannenmu sababbin zuwa shi ne sukan juya lissafin. A makon farko kuɗin ya tafi a ƙananan abubuwa masu ɗaukar ido, sai Nuwamba ta shigo da ruwa da iska, a ga yarinya a tashar bas tana rawar ɗari cikin 'yar falmaran da ba ta tare komai.

Bari in fara da akwatinki, tunda shi ne a gabanki yanzu. Yawancin jiragen da ke tasowa daga Abuja ko Kano jaka biyu suke bari, kowace kilo 23, amma ki duba tikitinki ki tabbatar. Wannan nauyin ki kashe shi a kan abin da babu shi a nan, ko yake da tsada. Ɗinkakkun kayanki na atamfa da leshi da shadda su ne kan gaba, domin tela a ƙasar nan ba abin wasa ba ne, kuɗin ɗinki ɗaya sai ya fi kuɗin yadin. Ki zo da na Sallah biyu, da na Juma'a, da na taron suna ko biki, don 'yan uwa suna da yawa a garin nan kuma za a gayyace ki. Ki haɗo hijabanki da mayafai da ɗankwalaye da sallaya. Ki sako muciya da maburgi, babu kantin Bature da zai sayar miki da su. Buta ana samu a shagunan 'yan Pakistan na Alum Rock Road da Coventry Road, amma ranar da kika sauka ba za ki san hanyar can ba, ban-ɗakin nan kuma takarda kawai za ki tarar. Ki sako ƙarama, ki cusa safa a cikinta don kada ta ci wuri. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji, a ƙulle su da kyau. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa ki haƙura, dokar Birtaniya ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, ƙwacewa ake yi a filin jirgi. Cajar waya da ta kwamfuta ki taho da abinki, soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, ƙarfin wutar ma ɗaya.

Zancen Umma na jaket, ki karɓi ɗaya da suwaita ɗaya, ki riƙe a hannu ki shiga jirgi. Watan Satumba ba a shiga sanyi na gaske ba tukuna, amma ga wanda ya fito daga Kano iskar asuba a nan tana shiga ƙashi. Bargo da tukwane a bar su a gida. Bargon kaɗai zai cinye kilo uku ko huɗu, kuma ba shi ne abin da kike bukata ba.

Daren farko shi ne abin da mutane suka fi mantawa. Ɗakin ɗalibai a nan gado da katifa tsirara za ki tarar, da tebur da kujera da wadirob. Babu zanin gado, babu filo, babu abin rufa. Abin da ake rufa da shi a ƙasar nan wani lallausan bargo ne mai cushe, mara nauyi, za ki ga an rubuta duvet a ledarsa, ana zura shi cikin riga yadda ake yi wa filo, rigar ake cirewa a wanke. A jikin ledar akwai lamba da kalmar tog, ita ce ma'aunin ɗuminsa. Mai 4.5 na bazara ne, mai 10.5 na tsaka-tsaki, mai 13.5 na hunturu. Mai 13.5 za ki ɗauka, ko da kin ga mai 4.5 ya fi arha, kuma shi ne ya fi cika kanti a ƙarshen bazara. In ɗakinki a tsohon gidan haya ne irin na unguwar Selly Oak, inda ake kashe na'urar ɗumama gida da dare saboda tsadar gas, za ki gode min. Sai girman gado. Na mutum ɗaya faɗinsa santimita 90 ne, na mutum biyu 135, akwai kuma na tsakiya mai 120 wanda gidajen ɗalibai da yawa suke sakawa. Tun kina gida ki rubuta wa masu gidan ki tambaye su wanne ne a ɗakinki, domin zanin gadon nan mai roba ne a gefe, in bai dace da katifa ba ba ya zama. Asda, Argos, Dunelm da shi kansa Primark duk suna da waɗannan, kuma da abin rufa da rigarsa da zani da filo ba za su wuce fam 40 ba in kin zaɓi na talaka. Ki lura da ranar saukarki. A Ingila doka ba ta yarda manyan kantuna su buɗe fiye da awa shida ranar Lahadi ba, zuwa biyar na yamma yawancinsu sun rufe.

To, Primark ɗin da ƙawarki take yabo. Gaskiya ta faɗa, akwai arha. Kamfanin Ireland ne, an fara shi a Dublin a 1969, kuma reshensa na nan Birmingham da aka buɗe a 2019 shi ne mafi girma a duniya, hawa biyar, a High Street, tafiyar 'yan mintuna daga tashar jirgin ƙasa ta New Street. Ba sa kai wa mutum kaya gida, sai dai ki je da ƙafarki, ko ki biya ta intanet ki je ki karɓa. A can za ki sayi safa, kayan ciki, kayan barci, tawul, hanga, safar hannu, hular sanyi, silifas na cikin ɗaki, da 'yan rigunan ciki masu dogon hannu da dogayen wanduna masu manne wa jiki waɗanda aka yi don riƙe ɗumi. Waɗannan na ƙarshen ki sayi biyu-biyu, su ne sirrin sanyin ƙasar nan. Mu da muke sa abaya da dogayen riguna mun fi kowa morarsu: ki sa su a ciki, ki ɗora suwaita, ki zura abayarki, sannan jaket a sama. Ba kya bukatar canza shigarki don kin zo Turai. Kuma hikimar sa kaya hawa-hawa ita ce waje sanyi, amma aji da laburare da bas duk a ɗumame suke, dole ki riƙa cirewa kina mayarwa. Wadda ta sa abu ɗaya mai kauri, ko dai ta jiƙe da gumi a aji ko ta daskare a hanya.

Dogayen riguna da siket masu kai wa idon sawu sun fi fitowa a kayan bazara, don haka lokacin da za ki iso ana karyar da ragowarsu, ki duba inda aka liƙa jan tambari. Kada ki ji kunyar leƙa ɓangaren maza, suwaitarsu ta fi tsawo da yalwa, sau da yawa ta fi kauri. Ke da ba ki da jiki ma har ɓangaren yara ki duba, na 'yan shekara 13, domin kayan yara ba a ɗora musu harajin kashi 20 cikin ɗari da ke kan na manya. Lambar kaya daban take da wadda kika saba. Takalmin da muke cewa 38 a nan 5 ne, 39 kuma 6. Riguna suna tafiya 8, 10, 12, 14, amma 12 ta wannan kanti ba lallai ta zama 12 ta wancan ba, sai kin shiga ɗakin gwaji. Babu tayi, babu "nawa za ka bari", babu gyara. Abin da aka rubuta shi za ki biya, harajin yana ciki.

Haɗarin kantin ba tsada ba ne. A bakin ƙofa za ki ɗauki wani ƙaton kwando na raga, ki fara tafiya, wannan fam 2, wancan fam 3.50, ga ɗan madubi, ga kofi mai zane, ga fitilar ado, ga jaka. Babu ɗaya da zai sa gabanki ya faɗi. Sai kin isa wurin biya ki ji an ce fam 85, kuma abin da ya kawo ki ba ya ciki. An tsara wurin ne don haka, hatta layin biyan kuɗi an jera masa ƙananan kaya dama da hagu. Ki rubuta abin da kike bukata tun daga ɗaki, ki tafi ke kaɗai ko da mutum ɗaya mai hankali, kada ki bi ayarin ƙawaye ranar Asabar. Safiyar Talata ko Laraba ta fi, babu cunkoso, kaya a jere.

Yanzu rigar sanyi, wadda ita ce zuciyar maganar. Sanyin Ingila ba irin na hunturunmu ba ne mai bushewa. Ma'aunin zafi a Janairu yakan tsaya tsakanin digiri 1 da 7, ƙanƙara ba kullum ba, amma akwai yayyafi da ba ya ƙarewa da iska mai kaɗa shi ta gefe, har lema ba ta da amfani. Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, a Disamba kafin ƙarfe huɗu an yi Magariba, za ki fita a duhu ki dawo a duhu. Rigar da za ta ɗauke ki wata shida a wannan hali dole ta haɗa abu huɗu: ta sauko har gwiwa ko kusa, tana da hula a haɗe wadda za ta hau kan hijabi, ruwa ba ya ratsa ta, kuma da yalwar da za ki sa suwaita a ciki ki iya ɗaga hannu. Ki karanta takardar da ke rataye a jiki, akwai wadda yayyafi kaɗai take tarewa, akwai wadda aka rubuta waterproof, ita kike nema. Ki ja zif ɗin sama da ƙasa sau da yawa kafin ki biya, don daga nan riga take fara mutuwa. Launi mai duhu ya fi, ba za ki riƙa wanke ta kullum ba.

Inda nake tura mutane neman irin wannan shi ne TK Maxx, akwai babba a jikin Bullring, babbar cibiyar kantuna da ke tsakiyar gari. Na Amurka ne, can sunansa TJ Maxx, ya shigo Birtaniya a 1994. Su ba arharsu irin ta Primark ba ce. Primark kayansa yake sa a ɗinka masa da yawa a farashi ƙasa. TK Maxx kuwa yawanci saye yake daga manyan kamfanoni abin da ya yi musu kwantai, ko suka yi fiye da kima, ko wani ɗan kasuwa ya yi oda ya fasa, sai ya sayar ƙasa da kuɗinsa na asali. Shi ya sa za ki ga farashi biyu a takarda, na asali da nasu. Kada na asalin ya ruɗe ki har ki ce kin ci riba, tambayar ita ce ko abin ya kai kuɗin da za ki fitar. Sayayya a wurin kamar tonon sabuwar dilar gwanjo ce: an jera kaya bisa lamba, ba bisa iri ba, riga ɗaya tak ce irinta, sai kin bi su ɗaya bayan ɗaya da haƙuri. Abin da kika gani yau gobe babu shi. In kin samu jaket da ta cika sharuɗɗan nan a fam 50 ko 60, ki ɗauka, kada ki ce sai kin je kin yi shawara. Mountain Warehouse da Decathlon su ma suna da rigunan ruwa masu aminci, na farkon kusan kullum cikin ragi yake.

Takalmi ma haka. An ce araha ba ta ado, ni a kan safa da tawul ban yarda da wannan magana ba, amma a kan takalmin hunturu gaskiya ce tsantsa. A nan ƙafa ce motarki. Daga ɗaki zuwa tasha, daga tasha zuwa aji, daga aji zuwa wurin aiki, duk a jiƙaƙƙen titi. Takalmin kyalle ko mai siririn ƙasa, ko daga wane kanti ya fito, ruwa zai shiga, ki wuni da jiƙaƙƙiyar safa, daga nan mura. Ki nemi but mai kai wa idon sawu, mai kaurin ƙasa da zane don santsi, ki gwada shi da safa mai kauri a ƙafarki. Fam 30 zuwa 40 a nan ba asara ba ce.

Akwai kuma hanyar da na fi so ki fara bi kafin duk waɗannan, kuma ina roƙonki kada girman kai ya hana ki. Kusan kowace unguwa tana da shagunan ƙungiyoyin agaji, irin su Oxfam, British Heart Foundation, Cancer Research UK, inda mutane suke kai kayan da suka daina amfani da su kyauta, a sayar, kuɗin ya tafi aikin taimako. Abin da bai samu mai saye ba a nan, shi ake sayar wa 'yan kasuwa su ɗaure a dila, ya bi jirgin ruwa, wani ya sauka Kwatano ya ƙarasa kasuwanninmu. Wato jaket ɗin da Umma take son saya miki a Wambai, wataƙila daga titin da za ki zauna ta tashi, kuma waɗanda suka fi kyau tun a nan aka tsince su. Ki je unguwannin masu hali, Harborne, Moseley, Kings Heath, Solihull, can ake samun rigar ulu ta gaske da ba a sa ta sau biyar ba, a fam 10 ko 15. Turawa masu kuɗi suna shiga ba tare da jin komai ba, malaman jami'arku ma za ki gamu da su a ciki. Mu ne muke ɓoyewa. British Heart Foundation suna da shaguna na musamman na kujeru da kayan lantarki da aka gwada lafiyarsu. A waya kuma akwai Vinted, inda mutane suke sayar da kayansu kai tsaye, sai dai a can babu gwaji, don haka ki bari sai kin san lambarki.

In jaket ɗin Umma ta riƙe ki zuwa ƙarshen Nuwamba, akwai ragin Black Friday, sai babban ragi na 26 ga Disamba, washegarin Kirsimeti, wanda yake ci gaba har cikin Janairu. A lokacin ake karya farashin kayan sanyi sosai. Amma kada ki zauna cikin wahala wata uku don jiran ragin fam 15.

Akwai abin da nake so ki sani game da arhar nan, don ban ga amfanin ɓoye shi ba. Rigar fam 3 wani ne ya ɗinka ta. A ranar 24 ga Afrilun 2013 wani bene mai suna Rana Plaza ya rufta a Bangladesh, mutum fiye da 1,100 suka mutu, yawancinsu mata masu ɗinki, talakawa, akasarinsu Musulmi 'yan uwanmu. Cikin kamfanonin da ake yi wa ɗinki a ginin har da Primark, wanda daga baya ya biya diyya. Ba ina cewa kada ki shiga ba, ni ma ina shiga, ɗaliba mai fam 300 ba ita za a ɗora wa nauyin gyaran duniya ba, kuma kantuna masu tsada da yawa a irin waɗannan masana'antu ake yi musu aiki. Abin da ke hannunki shi ne kada ki ɗauki ɗabi'ar da za ki tarar a nan, ta sayen riga a sa sau biyu a jefar. Mu ba haka aka rene mu ba. Ki sayi abin da za ki sa, ki wanke shi da ruwa mara zafi, in maɓalli ya cire ki mayar. Allura da zare ma ki sako a akwati.

Kayan kicin ba sai na tsawaita ba. B&M, Home Bargains da Poundland, nan ake sayen faranti, kofi, cokali, soso, sabulun wanke-wanke, omo, kwandon shara, robobin ajiye abinci a firji. A Poundland ba komai ne fam ɗaya ba yanzu, ki duba farashi. Tukunya biyu, kasko ɗaya, faranti biyu, wuƙa ɗaya sun ishe ki, ba gidan aure za ki kafa ba, kuma duk abin da kika tara sai kin ɗauke shi a ka ranar tashi. Wuƙa ba a sayar wa wanda bai kai 18 ba, suna iya neman shaida, ki riƙe fasfonki. Kafin ki sayi tukunya ki ga murhun gidan da idonki. Sababbin gidajen ɗalibai da yawa suna da murhun lantarki mai aiki da maganaɗisu, wanda tukunyar alminiyon irin tamu ba ta ko ɗumi a kansa, wannan ma wani dalili ne na barin tukwanen Umma a gida. Butar dafa ruwa, na'urar gasa burodi da dutsen guga, ki jira ki ga abokan zamanki, sau da yawa akwai su a kicin, ko ku haɗa kuɗi. A makon farko ƙungiyar ɗalibai takan fitar da kayan da waɗanda suka gama suka bari, kyauta ko a kuɗi kaɗan, ki tambaya. Abu biyu da ba za su zo miki a rai ba: marataya mai naɗewa ta shanya a ɗaki, don babu rana kuma injin busarwa kuɗi ne, da robar ruwan zafi da ake runguma a kwanta. Turaren wuta kuma, na san ba kya rabo da shi, amma kowane ɗaki akwai na'urar jin hayaƙi a rufi, in ta yi ƙara duk ginin ake fitarwa waje, kuma yawancin gidajen ɗalibai sun hana shi a yarjejeniyarsu har da tara. Ki taho da humra.

Rasit kada ki yar. Ki ɗauki hotonsa a waya tun a bakin kanti, kuma kada ki cire takardar jikin kaya sai kin gwada a ɗaki kin tabbatar. Primark da TK Maxx duk suna karɓar kaya cikin kwana 28 in da rasit kuma ba a sa ba, ban da irin su kamfai. Wannan alfarma ce ta kanti. Abin da yake haƙƙinki a doka shi ne in kaya ya zo da aibi, dokar kare masu saye ta 2015 ta ba ki kwana 30 ki mayar a ba ki kuɗinki cif. Kada ki ji nauyi, ba roƙo kike ba, babu mai harararki. Ki riƙa yawo da jakar cefanenki, ledar kanti sayar da ita ake yi, aƙalla fens 10. A wurin biya na kai-da-kai, inda ke za ki nuna wa na'ura kayanki, ki natsu ki tabbatar kowanne ya shiga lissafi. Kyamara tana ko'ina, kuma kuskuren fam 2 da aka fassara shi da sata yana iya taɓa bizarki. In na'ura ta rikice, ki ɗaga hannu ma'aikaci ya zo.

Za ki yi ta mayar da kowane farashi zuwa naira a watannin farko, kowa ya yi. Wannan lissafin yakan hana mutum sayen jaket ɗin da yake bukata, don ya ga dubban da suka fito. Ki auna da awannin aiki, ya fi gaskiya. Bizarki awa 20 ta yarda ki yi a mako lokacin karatu, mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, ana kuma sake duba shi duk Afrilu. Kwandon tarkacen fam 50 awa huɗu ne a tsaye, a gidan kula da tsofaffi ko a sito. Kuma aikin ba ranar da kika sauka za ki same shi ba, yana iya ɗaukar wata biyu ko fiye, shi ya sa nake so daga cikin fam 300 ɗin ki ɓoye 60 kada ki taɓa. Wurin biya a intanet za ki ga Klarna da Clearpay suna tayin ki ɗauka yanzu ki biya kashi-kashi. Bashi ne, in an makara akwai tara, kuma yana iya ɓata miki suna a wurin bankuna. Ki rufe ido ki wuce.

Sai tsaraba. Da kin fara sa hoto za a fara turo saƙo, wannan jaka, wancan takalmi, wance agogo, don an ji labarin arha. Ki ce musu karatu kika zo, sai kin tashi dawowa. Umma za ta goya miki baya, na riga na yi mata maganar.

Ki turo min ranar tashinku da lambar jirgi, da amsar masu gidan kan girman gadon. In Heathrow za ki sauka akwai motar National Express da ke zuwa Birmingham kai tsaye, ki sayi tikitin tun kina gida ya fi sauƙi, ni kuma zan jira ki a tashar Digbeth. Ina da abin rufa da zanin gado da za ki fara amfani da su, don haka ko Lahadi ce babu damuwa. Washegari in kin huta mu fara da shagunan Harborne, in ba a dace ba mu wuce cikin gari. Allah Ya kawo ki lafiya.

Yayarki.